Land Cruiser ɗin da ke hawa bori a gadar Tamburawa

Ranar wata Asabar cikin watan Yuli, bayan la'asar, yayan matata ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Malam, motar nan so take ta kashe mu." Daga Kura suke dawowa shi da direbansa, allon gudu na nuna 80, tayar gaba ta taka mahaɗar gadar Tamburawa, sai sitiyari ya ƙwace. Ya dinga kaɗawa hagu da dama da kansa, gaban motar gaba ɗaya na jijjiga kamar injin markaɗe. Direban ya ce hannu biyu ya sa, amma kamar wanda ya riƙe ƙahon ɗan maraƙi. Abin bai lafa ba sai da gudu ya sauko wajen 30. Karo na uku ke nan cikin wata guda, har yaran gida sun raɗa wa abin suna, suna cewa motar Baba ta hau bori.

Na daɗe ina koyar da kanikanci a makarantar koyon sana'a, shi ya sa duk motar da ta gagara a dangi ni ake nema. Na zauna na rubuta wannan lamari ne saboda irinsa na ƙaruwa a Kano. Ka tsaya a titin Zoo ko titin Haɗeja da yamma, za ka ga Hilux da Land Cruiser masu dogayen ƙafafu suna wucewa. Masu su sun san inci nawa aka ɗaga su. Ka tambaye su digiri nawa ƙafar gaba ta juya, sai kallo.

Motar da abin da aka yi mata

Land Cruiser ce ƙirar 80, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1990. Tasa ta 1996 ce, 'yar Kwatano, mai injin fetur silinda shida, lita 4.5, kuma tayoyi huɗun duka ke ja a kowane lokaci. Ƙafarta ta gaba ita ce kan zancen. Ba irin ta Hilux ɗin zamani ba ce, inda kowace taya ke da nata hannaye. Aksul ne guda, miƙaƙƙe daga taya zuwa taya, da tulun giya a jikinsa, gangar motar na zaune a kansa bisa sifirin mai naɗi. Shi sifirin nauyi kawai yake ɗauka, ba ya riƙe aksul wuri ɗaya. Masu riƙewar su ne hannaye biyu dogaye da suka taso daga shasi ta baya suka kama aksul, su ke hana shi yin gaba ko baya ko mirginawa, sai kuma sanda guda da ta gitta daga shasi ta hagu ta sauka kan aksul ta dama, ita ke hana shi gocewa gefe. Sunanta sandar Panhard, sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa. Ni a nan sandar gicciye zan kira ta.

Sana'ar Alhaji, yayan matar tawa, sayen shanshera ce a Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonaki, da kaka kuma ya nausa Tudun Wada da Doguwa neman masara. Ba ko'ina kwalta ta kai ba. Daminar da ta gabata motar ta kafe sau biyu a hanyar gona, sau ɗaya sai da aka nemo tarakta. Babban ɗansa, wanda ya gama jami'a yake taya shi harka, shi ya kawo shawarar a ɗaga ta. Ya ga irinta a Facebook da TikTok, na 'yan Ostireliya da na Larabawa masu hawa tudun yashi, kuma ban ga laifinsa ba, domin nufinsa ya raba mahaifinsa da kwana a daji ne.

Aka sa mata dogayen sifirin marasa suna ba lamba, a kan kowanne kuma aka ɗora zoben ƙarfe da aka fere a inji. Aka cire tayoyi masu lamba 275/70R16, aka sa 315/75R16 'yan gwanjo. Da tayar ta fara gogar hannun aksul idan an karya kwana, sai aka cusa faranti mai kaurin santimita 4 tsakanin kowace wili da mazauninta don a turo ta waje. Mai walda ya ƙera bamba ta bututu da kariyar ɗaukar kaya a kan rufi. Shok ɗin da motar ta zo da su aka bar mata. Da aka sauke ta daga jak aka ga tayar hagu ta leƙo waje fiye da ta dama, mai waldar ya yi dabara: ya ƙara wa mazaunin sandar gicciye ƙarfe ta wajen shasi, ya sauko da shi ƙasa, har tayoyin suka daidaita a ido. Wannan dabarar za mu dawo kanta.

A ido kam motar ta yi kyau. Ranar da aka kawo ta gida sai da maƙwabta suka fito.

Magungunan da aka fara gwadawa

Bayan borin farko aka kai ta balansin, sau biyu. Aka kai ta alaimen na kwamfuta. Aka canza ɗan shok ɗin nan na sitiyari, da abin ya dawo aka ƙara na biyu a gefensa. Wata gwaggonsu ta ce baki ne, a yi sadaka. Sadaka dai ba ta ɓaci, kuma a cikin duk magungunan ita kaɗai ce ba ta ɓoye ciwon ba.

Shok ɗin sitiyari aikinsa ya tausasa bugun da hanya ke aikowa hannun direba. Idan ƙafar gaba lafiyarta ƙalau, ko an cire shi ba za ta yi bori ba. Ƙara shi a kan motar da ke karkarwa daidai yake da ba mai zazzaɓin cizon sauro farasitamol: jiki ya yi sanyi na kwana biyu, cuta na nan tana ci. An bar jaki ana dukan taiki.

Takardar alaimen ita ta fi ba ni haushi, don amsar na rubuce a jikinta. Layin da ke nuna kasta, wato kusurwar da ke sa tayar gaba ta miƙe da kanta, ja ne wur, hagu da dama. Ɗan Alhaji ya ce ya tambaya, mai injin ya ce masa wannan ba a taɓa shi a irin wannan mota. Rabin gaskiya ya faɗa. A wannan ƙirar babu notin da za a murɗa a gyara kasta ko kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje; abu ɗaya da sifana ke iya canzawa shi ne tsukewar gaban tayoyi, ta hanyar tayarod, sandar da ta haɗa tayoyin gaba biyu. Shi ya gyara, ya karɓi kuɗinsa. Sauran rabin da bai faɗa ba shi ne cewa lambar da ke gabansa tana nufin motar ba ta cancanci hawa babban titi ba.

Direban na tambaya, don shi ke kwana da ita a hannu. Ya ce tun kafin bori akwai abubuwa uku. A miƙaƙƙen titi ba ta tsayawa a layinta, kullum cikin kamo ta yake. Idan ya zagaya shataletale sitiyari ba ya dawowa da kansa, sai ya warware shi da hannu. Idan kuma ta faɗa ɗan rami sai ta zabura gefe ba tare da ya murɗa komai ba. "Malam, daga nan zuwa Kwanar Ɗangora kafaɗuna kamar na wuni ina dako." Kowanne cikin ukun nan na da tushensa daban, kuma duk mun same su.

Abin da tef da ma'auni suka nuna

Muka kai ta garejin wani tsohon ɗalibina da ke da daɓen siminti a shimfiɗe. Na roƙi wani maƙwabci ya ara mana tasa ƙirar 80 da ba a taɓa ba, muka jera su. Kayan aikinmu tef ne, da igiya, da ɗan ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu. Wayar hannu ma na iya wannan aikin idan an sami wuri mai laushi a ɗora ta. Daga tsakiyar wili zuwa bakin gangar mota, ta Alhaji ta ɗara ɗayar da santimita 10 a gaba, wato inci 4.

Sai na ce ɗan Alhaji ya kwanta da kansa ya auna daga ƙasa zuwa gindin tulun aksul a motocin biyu. Bambancin santimita 4 ne da 'yan kai. Ya sake aunawa. Lissafin ba wuya: tsohuwar taya tsawonta kusan santimita 79, sabuwar kusan 88, rabin bambancin shi ne abin da aksul ya samu. Sifirin da zobba gangar jiki suka ɗaga, tulun na nan inda taya ta ajiye shi. Kuma a hanyar gona da tarakta ta bi, inda gefe biyu suka zurma tsakiya ta tashi kamar kunya, tulun nan ne ke fara zama a kan laka. Ma'ana, santimita 10 ɗin da suka jawo duk wannan fitina ba su ƙara ko yatsa ɗaya ba a wurin da motar ke kafewa.

Yanzu kasta. Dubi keke ko babur daga gefe. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ba a tsaye yake cak ba, samansa ya kwanto baya wajen mai tuƙi. Idan ka ja layi ta cikinsa har ƙasa, zai sauka a gaban inda taya ke taɓa ƙasa. Wato tayar jan ta ake yi daga gaba, bin baya take yi, shi ya sa take miƙewa da kanta, shi ya sa samari ke iya sakin hannu a kan babur suna gyara hula. Wanda ya taɓa hawa keken da ya yi karo har ƙarfen gabansa ya lanƙwashe ya san yadda yake zama: ba ya sakuwa ko na daƙiƙa ɗaya. A mota ma haka ne. Kowace tayar gaba tana juyawa ne a kan gwiwa mai boris biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, layin da ya haɗa su kuma an kwantar da samansa baya kaɗan. Wannan kwanciyar ita ce kasta. A ƙirar 80 kusan digiri 3 ce. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta, amma ita ke riƙe da mota mai nauyin fiye da tan biyu a kan layinta.

Ga inda ɗagawa ke cin ta. Hannayen nan biyu sun kama aksul kam a wuri biyu kowanne, don haka duk inda hannu ya karkata, aksul ma sai ya mirgina tare da shi. Ka ɗaga shasi, gindin hannun ya tashi sama, bakinsa na ƙasa tare da aksul, sai aksul ya mirgina gaba. Mun auna hannun daga inda ya kama shasi zuwa tsakiyar aksul, kusan santimita 85. Ɗagawar santimita 10 a kan hannu mai wannan tsawo na juya shi kusan digiri 7. Ka cire 7 daga 3. Da muka ɗora ma'auni a kan murfin boris na saman gwiwa, motar maƙwabci ta ba mu kusa da 3 ta daidai, ta Alhaji ta ba mu 3 da ɗoriya ta baibai. Tayoyinta ba jan su ake ba, tura su ake, kamar mai tura amalanke da baya. Taya a wannan hali ba ta da dalilin komawa tsakiya. Duk abin da ya karkatar da ita ƙara karkata take son yi. Nan ne yawon da take yi a titi da ƙin dawowar sitiyari suka fito.

Sai zabura a rami. Daga akwatin sitiyari, wanda ke jikin shasi ta hagu, akwai sanda da ke gangarawa zuwa gwiwar dama, ita ke jan tayoyi. Masu ƙera motar sun sa ta tafi kafaɗa da kafaɗa da sandar gicciye, kusan tsawo ɗaya, kwanciya ɗaya. Dalili shi ne idan aksul na hawa da sauka, bakin kowace sanda baka yake zanawa, ba miƙaƙƙen layi ba. In bakunan biyu iri ɗaya ne, aksul da sandar sitiyari tare suke matsawa, taya ba ta san an yi ba. Ɗagawa ta sa sandunan biyu sun ƙara tsayuwa, ta kuma jawo aksul hagu da kamar santimita ɗaya da wani abu, abin da mai walda ya gani ke nan. Da ya bar su haka, da aƙalla suna nan a jere. Shi kuwa ya kwantar da ɗaya ya bar ɗaya a tsaye. Daga ranar, duk lokacin da sifirin ya matse, aksul na matsawa gefe da wani gwargwado, sandar sitiyari na matsawa da wani daban, bambancin kuma a taya yake ƙarewa: tana juyawa alhali sitiyari na tsaye a hannun direba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ƙarfen da ya ƙara ɗin ya yi wata ɓarnar. Ya zama dogon hannu da ke murɗa mazaunin asali duk lokacin da motar ta karya kwana. Da muka goge laka da giris muka ga tsaga siririya kamar gashi a gindin waldar, ramin da ƙusar sandar ke shiga kuma ya zama kamar ƙwai.

Wannan ya kai mu ga gwajin da ya fi kowanne araha, wanda ban san dalilin da ya sa ba a fara da shi ba. Mota na ƙasa da nauyinta, yaro na ciki yana kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, kai kuma kana kwance a ƙasa hannunka na kan kowace mahaɗa bi da bi. Abin da ido bai gani ba tafin hannu na ji. Sandar gicciye na motsi a cikin raminta kafin aksul ya motsa. Kan tayarod na dama na ƙwas-ƙwas. Muka ɗaga taya da jak, muka kama ta sama da ƙasa muka girgiza, akwai lilo. Aka taka birki, lilon bai tafi ba. Da boris ɗin wili ne, birki zai kame shi. Tunda ya saura, boris ɗin gwiwa ne. A ƙarƙashin gwiwar dama kuma, cikin noti huɗu da ke riƙe da hannun sitiyari, biyu da yatsa na juya su. Waɗannan notin in suka tafi, mota da sitiyarinta sun yi sallama.

Farantan da aka cusa bayan wili su suka gaggauta mutuwar waɗannan sassa. Layin gwiwa an tsara shi ya sauka kusa da tsakiyar sawun taya, don bugun rami ya sami ɗan gajeren hannu da zai murɗa ta. Ka turo taya waje da santimita 4, ka ƙara wa hannun nan santimita 4. Kowane dutse, kowane taka birki, da ƙarin ƙarfi yake isa kan tayarod da boris da akwatin sitiyari.

To, wanne ne ya kawo borin? A ganina babu guda ɗaya da zai ɗauki laifin shi kaɗai, kuma duk bakaniken da ya nuna maka ƙarfe ɗaya ya ce shi ne, ka ƙara bincike. Mahaɗar gada ta buge taya ta karkata hagu. Karkatar ta tura aksul gefe, ramin da ya buɗe ya bar shi ya tafi. Tafiyar aksul ta ja sandar sitiyari, taya ta komo dama da ƙarfi, abin ya sake juyawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Sako-sakon ƙarfe shi ya buɗe ƙofa, manyan tayoyi masu nauyi suka ba abin ƙarfi, kastar da ya kamata ta ja taya ta tsaya kuma tana aiki ta baibai.

Ƙananan abubuwa da ba ƙanana ba

Shok ɗin asali sun kusa miƙewa ƙarshensu tun motar na tsaye, don haka in taya ta faɗa rami babu sauran tsawon da za ta bi ƙasa, sai ta rataye. Robar birki ta gaba, da muka ɗaga shasi aksul ya sauka, ta miƙe kamar tsirkiya. A baya akwai wani bawul da siririn ƙarfe ya haɗa da aksul, aikinsa ya gane nauyin kaya: mota ta zauna ƙasa ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, ta tashi sama ya rage. Tunda an ɗaga ta ba a gyara shi ba, kullum gani yake motar fanko ce, ko da buhu goma a ciki. Birkin gaba kaɗai ke wahala.

Allon gudu ma ƙarya yake yi. Babbar taya na cin ƙasa fiye da tsohuwar da kusan kashi 11 cikin ɗari a kowane juyi, don haka 80 ɗin da direba ya gani a gadar kusan 89 ce. Mai faci kuma ya ɗura wa tayoyin iska 55, wai don manya ne, alhali takardar da ke jikin ƙofa 30 da ɗoriya ta ce. Taya mai wannan iska ƙwallo ce. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, sun nuna biyu daga ciki sun tsufa ƙwarai, kuma ba ma kamfani ɗaya suka fito ba.

Gardama, sannan gyara

Shawarata ita ce a sauko da ita rabi. Ɗan Alhaji bai so ba. "Baba Malam, su waɗanda nake gani a bidiyo ai sun fi wannan tsawo, kuma gudu suke yi." Gaskiyarsa. Ana iya riƙe santimita 10 a yi shi daidai, amma sai an sayi hannayen aksul da aka ƙera don wannan tsawo ko farantan gyaran kasta, da sandunan gicciye masu ƙari da ragi gaba da baya, da dogayen shok, da dogayen robobin birki, galibi har da farfelar gaba mai mahaɗa biyu (farfela ita ce sandar da ke kai juyin inji zuwa tulun aksul), domin in ka mayar da kasta bakin tulun aksul na sunkuyawa ƙasa, farfela ta karye da yawa ta fara kuka. A wannan ƙirar ma tayarod na bayan aksul ne, in an juya aksul sosai yakan kusanci hannayen har ya goga. Mai bidiyo ba ya kwanciya ƙarƙashin mota ya nuna maka waɗannan. Yawancinsu sai an yi oda daga waje, da dala. Bayan duk wannan kashe kuɗi, motar za ta ci gaba da zama doguwa mai saurin kifewa a kwana, tulunta kuma na nan inda yake.

Alhaji ya saurare mu duka, ya ce, "Malam, ni shinkafa nake nema, ba kallo ba. A yi yadda ka ce."

Muka cire zobban, ɗagawa ta koma santimita 5. Wannan kaɗai ya dawo da kasta kusa da sifili. Muka sa bushin na musamman a hannayen aksul, irin wanda raminsa ba a tsakiya yake ba, wanda ke mirgina aksul baya da digiri 2 zuwa 3. Wurin matsa shi sai an kula, don in aka juya shi ƙara ɓata lamarin zai yi. Tsohon ɗalibina ya yi alama da alli kafin ya cire tsofaffin. Aka yanke ƙarfen mai walda, aka buɗe tsagar aka cike ta, aka lulluɓe da faranti, aka mayar da ramin ƙusa daidai girmansa a mazauninsa na asali. A wannan tsawo gocewar aksul ba ta kai santimita ɗaya ba, muka bar ta. Boris ɗin gwiwa huɗu, da kawunan tayarod, da bushin sandar gicciye duk sabbi. Wasu kayan a Ƙofar Ruwa muka samo, bayan yawo da tsohon a hannu ana gwadawa. Farantan wili suka fita. Tayoyi suka koma 285/75R16, sabbi, kamfani ɗaya, tsawonsu kusan santimita 83, wato tulun aksul ya fi na asali tsawo da santimita 2, kuma ba sa gogar komai. Aka sa shok masu ɗan tsawo, aka canza robobin birki, aka ɗaga maƙalin bawul ɗin baya da gwargwadon ɗagawar motar. Shok ɗin sitiyari na biyu muka cire muka ba yaran gareji. Sai a ƙarshe aka je alaimen, ba a farko ba.

Ma'auni ya ba mu kasta digiri 2 da ɗoriya ta daidai, hagu da dama kusan ɗaya. Ni na tuƙa ta zuwa Tamburawa, ɗan Alhaji na gefe da waya yana duba gudun gaskiya. Muka taka mahaɗar a 60, muka juyo, muka taka a 80, muka sake a 90. Sitiyari ya yi ɗan motsi sau ɗaya ya tsaya. A shataletale na sassauta hannu, ya zame ya dawo da kansa. Yaron bai ce komai ba, sai da muka kusa Na'ibawa ya ce motar ta koma kamar ta tsofaffi.

Akwai abin da ya rage. Wajen gudun 90 ana jin ɗan gurnani daga farfelar gaba, sakamakon sunkuyar da bakin tulun da muka yi. Mun bar shi sai bayan kaka a duba mahaɗanta. Bushin mai rami a gefe robarsa siririya ce ta ɓangare ɗaya, ba ya daɗewa kamar na asali, don haka duk ƙarshen damina sai an leƙa shi. Kariyar rufi kuwa Alhaji ya ƙi a cire, kuma na san buhu yake ɗorawa a kai, duk da na gaya masa nauyin sama shi ke kifar da doguwar mota. Ya ce Allah na tsarewa, na ce amin, amma a dinga sa buhunan a ciki.

Cikin Agusta sun shiga gonakin Bunkure sau da dama. Direban ya koyi rage iska zuwa wajen 20 in zai shiga laka ko yashi, ya sayi ɗan famfo mai aiki da batir yana mayarwa kafin ya hau kwalta. Sau ɗaya suka kafe, matasan ƙauye suka tura su.

Manyan tayoyin da farantan ba su yi mako a garejin ba. Wani saurayi mai Hilux ya zo ya saye su duka, ko ragi bai nema ba. Tsohon ɗalibina ya ce masa ƙafar Hilux daban take, abin da za ta lalace ma daban ne, ya bari a auna tukuna. Ya ce sauri yake, akwai ɗaurin aure ranar Juma'a. Kafin ya tafi ya tambayi lambar mai waldar.